NAZARI: Allurar Sinawa da ƙahon wanzami: Abin da Rano da Kibiya ke buƙata daga likitancin ƙasar Sin

A watan Satumba na 2024, a taron ƙoli na Sin da Afirka da aka yi a Beijin, wanda Shugaba Bola Tinubu ya halarta, Shugaba Xi Jinping ya yi alƙawarin tura ma'aikatan lafiya 2,000 zuwa nahiyar Afirka. Bayan watanni takwas, a Mayun 2025, ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da sabon tsarin kula da magungunan gargajiya, wanda zai yi aiki daga 2025 zuwa 2034. Waɗannan al'amura biyu suna nuni da abu guda: likitancin gargajiya na ƙasar Sin, musamman jinyar tsira allura da ake kira akufanca, zai ƙara kusanto jama'ar Afirka, da amincewar gwamnatoci.

Turo likitoci Afirka tsohuwar al'ada ce a wurin Sinawa. Sun fara da Aljeriya a 1963, kuma maƙwabciyarmu Nijar tana karɓar tawagoginsu tun 1976. Sau da yawa akan samu mai tsira allura a cikin irin wannan tawaga. A Najeriya kuwa sana'ar ta fi zama a manyan birane, a hannun 'yan kasuwar lafiya masu zaman kansu. Wannan ne ya sa mai karatu zai iya tambayar me ya haɗa ta da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano, inda ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da dubu 145 a ta farko da sama da dubu 136 a ta biyu, kuma akasarinsu manoma ne.

Amsar ita ce likitancin Sin ya riga ya iso can, ta hanyoyin da ba kowa ke lura da su ba. Yana cikin kantin sayar da magani, yana cikin jakar ɗan talla, yana ma shafar farashin jaki. Sannan yankin yana da nasa likitancin na huda fata, wanda ya yi kama da na Sinawa fiye da yadda ake zato, kuma shi ne ya fi buƙatar a duba shi da gaggawa.

Mece ce akufanca?

Bahaushe idan ya ji an ce allura, abin da ke zuwa masa a rai shi ne sirinji mai ɗauke da ruwan magani, kuma a karkara har yau akwai masu ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Allurar Sinawa daban take. Siririn ƙarfe ne da kaurinsa bai fi na gashin wutsiyar doki ba, babu rami a cikinsa, babu kuma magani. Ana tsira ta a wasu zaɓaɓɓun wurare na jiki, a bar ta na 'yan mintoci, sannan a zare. Tsofaffin littattafan Sinawa, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, sun ce akwai wani kuzari da ke gudana a jiki ta manyan hanyoyi goma sha biyu, kuma ciwo na tasowa ne idan hanyar ta toshe. A 2008 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Yammacin Fasifik ya daidaita wurare 361 da ake tsira allurar, domin masu koyarwa su daina saɓani. Masana ilimin gaɓoɓin jiki dai ba su ga waɗannan hanyoyi ba a jikin ɗan Adam. Bayanin da ya fi karɓuwa a yau shi ne cewa tsirar na taɓa jijiyoyi, ta sa jiki ya fitar da sinadaran da ke rage zafi.

Su kansu Sinawa ba kullum suka yarda da ita ba. A 1822 sarkin Sin ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada. A 1929 an yi yunƙurin soke likitancin gargajiya gaba ɗaya. Gwamnatin Mao Zedong ce ta farfaɗo da shi bayan 1949, kuma babban dalili shi ne ƙarancin likitocin zamani a ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin manoma. Turawa kuwa sun waiwayo ne a 1971, lokacin da wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya rubuta yadda aka yi masa tiyata a Beijin, aka kuma yi amfani da allurar wajen rage masa ciwon bayan tiyata.

Daga wancan lokaci an yi gwaje-gwaje masu yawa, kuma wanda ya fi ilmantarwa shi ne na Jamus da aka wallafa a 2007. An ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka kasa su gida uku. Kashin farko aka yi masu akufanca bisa ƙa'idar Sinawa. Kashi na biyu aka tsira masu allura sama-sama a wuraren da ba su cikin littafi. Kashi na uku aka ba su kulawar da aka saba ta ƙwayoyi da motsa jiki. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin ɗari na rukunin farko sun samu sauƙi, kashi 44 na rukuni na biyu, kashi 27 na rukuni na uku. Kowane ɓangare na masu muhawara ya samu abin riƙewa a wannan sakamako. Magoya baya suka ce allura ta fi ƙwaya. Masu shakka suka ce tunda tsirar bogi ta kusa kamo ta gaskiya, to taswirar hanyoyin kuzari ba ta da wani tasiri, kuma yawancin amfanin daga kulawa da sa rai yake fitowa.

Hukumomin lafiya ma ba su zama tsintsiya ɗaya ba. Inshorar lafiya ta Jamus na biyan kuɗin akufanca ga ciwon baya da na gwiwa. A Ingila, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta ce a 2016 kada a yi ta don ciwon baya, sannan a 2021 ta ce ana iya gwada ta ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano musabbabinsa ba. Abin da za a iya faɗa da gaba gaɗi kaɗan ne: tana ɗan rage wasu nau'o'in ciwon jiki, irin na baya da gwiwa da kai. Babu wata hujja da ke nuna tana warkar da ciwon suga, hawan jini, ciwon daji, sikila ko rashin haihuwa, kuma duk wanda ya yi wannan iƙirari kasuwanci yake yi.

Wannan ɗan amfanin ba abin rainawa ba ne a yanki irin na Rano. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zama ginshiƙin rayuwa a sassan kudancin Kano, kuma manomin da ke duƙe a fadamar shinkafa ko tumatir damina da rani ya san ciwon ƙugu fiye da kowa. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne ƙwayar kashe zafi daga kemis ko daga faifan ɗan talla. Yawan shan irinsu daiklofenak na illa ga ciki da ƙoda, taramol kuma ya riga ya zama annoba tsakanin masu aikin ƙarfi. Binciken ƙasa na 2018 kan shaye-shaye ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari a Arewa maso Yamma. Duk wata hanya da za ta rage wa manomi dogaro da ƙwaya ta cancanci a saurare ta. Sharaɗin shi ne allurar ta zama sabuwa, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar, kuma hannun da ke riƙe da ita ya san inda huhu yake, domin allurar da ta zarce a ƙirji ko saman baya tana iya huda shi.

Ƙaho a nan, ƙaho a can

Cikin dabarun da ke tafiya tare da akufanca akwai kafa kofi a fata domin ya zuƙo ta. Duniya ta yi ta mamaki a gasar Olamfik ta 2016 da aka ga shatin da'irori a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps. Da mutumin Rurum ko Tarai ya ga hoton, da bai yi wata tambaya ba. Ƙaho ne. Abin sha'awa ma, tsofaffin littattafan likitancin Sin da sunan ƙahon dabba suke kiran wannan dabara, domin da shi aka fara kafin a koma gora da gilashi. Haka nan ƙona wani ganye kusa da fata da Sinawa ke yi ya yi kama da lalas, huda kumburi kuma Bahaushe na da sakiya tun kaka da kakanni.

Wanzami shi ne likitan fiɗa na ƙasar Hausa kafin zuwan asibiti, kuma har yau zabirarsa ba ta huta ba. Shi ke askin jariri ranar suna, shi ke cire belu, shi ke kaciya, shi ke tsaga, shi ke kafa ƙaho. A 'yan shekarun nan ƙaho ya samu sabuwar riga da sunan hijama, da kofunan roba da famfon zuƙa, da matasa maza da mata da ke koyo cikin 'yan kwanaki su buɗe shago. Karɓuwarsa tana da tushe mai ƙarfi a addini, domin ingantattun hadisai sun tabbatar da cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa. Saboda haka duk jami'in lafiyar da ya fito da niyyar hana ƙaho a masarautar Rano ya san ba zai kai ko'ina ba, kuma babu ma buƙatar hakan. Matsalar tana kan askar.

Binciken ƙasa na 2018 da ya auna cutar ƙanjamau ya kuma auna ciwon hanta, inda ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Ma'ana, a duk mutum goma sha biyu ko sha uku da suka zauna layin wanzami, akwai yiwuwar ɗaya na ɗauke da ƙwayar cutar, kuma galibi bai sani ba, domin tana iya shafe shekaru ba ta nuna alama. Ƙwayar nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ta. Wanda ya kamu yana babba, mafi yawan lokuta jikinsa na iya korar ta. Jariri kuwa, tara cikin goma na waɗanda suka kamu suna zama da ita har abada, sai bayan shekara ashirin ko talatin ta bayyana a matsayin ƙanƙancewar hanta ko ciwon daji. A lokacin ba wanda zai tuna da askar ranar suna.

Ba a cewa wanzamai ne kaɗai hanyar yaɗuwar cutar. Uwa na ba ɗanta a wajen haihuwa, akwai ƙarin jini marar gwaji, akwai masu allura a gida da sirinji ɗaya, akwai masu yankan farce na kasuwa. Wanzamai da yawa ma sun koma amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, wasu iyaye kuma da tasu suke zuwa. Sai dai wannan ya rage ga ganin damar mutum ne, babu wanda ke bin sawu. Najeriya ta shigar da rigakafin nau'in B cikin alluran yara a 2004, kuma ƙa'ida ita ce a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. A yankin da mata da yawa ke haihuwa a ɗaki, jarirai da dama na haɗuwa da askar wanzami kafin su haɗu da allurar rigakafi.

A nan ne tarihin ƙasar Sin ke da abin koyarwa. A 1992 kusan mutum ɗaya cikin goma a Sin na ɗauke da wannan cuta, adadin da ya ɗan zarce na Najeriya a yau. Zuwa 2006 adadin ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙasar da ta fi kowa alfahari da likitancinta na gargajiya, da allurar rigakafi da haihuwa a asibiti ta yi wannan yaƙi.

Abin da ake sayarwa da sunan Chana

Hanya ta biyu da likitancin Sin ke shiga karkara ita ce ta kasuwa. Kalmar “ɗan Chana” a bakin Bakano tana nufin abu mai araha da bai daɗewa idan ana maganar waya ko batir, amma idan aka zo kan magani sai ta juye ta zama yabo. Akwai shayin rage tumbi, akwai man zafi, akwai ƙwayoyin ƙarin kuzari na maza, akwai kuma kayan kamfanonin da ke sayarwa ta hanyar sa mutum ya jawo wasu ya samu kamasho. Sau da yawa mai tallar malamin makaranta ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke neman ƙarin abin sawa a baka, wanda bai taɓa karatun lafiya ba. Wasu na yawo da wata na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, mutum ya riƙe ƙarfe a tafin hannunsa, cikin minti ɗaya ta zayyano masa cututtukan hanta da ƙoda da jini. Babu na'urar da ke iya wannan aiki ta tafin hannu. Jerin cututtukan da take fitarwa share fage ne ga jerin kayan da ke cikin jakar mai ita.

Lambar NAFDAC da ke jikin kwali ma tana buƙatar bayani, domin jama'a na ɗaukar ta a matsayin shaidar magani na aiki. Ga yawancin magungunan ganye, abin da hukumar ke bayarwa izini ne na wucin gadi bayan gwajin da ke nuna abin ba guba ba ne, kuma doka ta tilasta a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan haruffa.

Kasancewar abu ganye ba ya nufin ba ya kisa. A farkon shekarun 1990, a wani wurin rage ƙiba a Beljiyam, an yi kuskuren sanya wani tsiron Sin mai suna Aristolochia cikin haɗin magani. Mata fiye da ɗari suka samu mummunar lalacewar ƙoda, da yawa suka koma kan wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma suka kamu da ciwon daji na mafitsara. Yau sinadarin da ke cikin tsiron yana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Mutumin Kibiya da ƙodarsa ta lalace, Kano zai nufa, wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako abu ne da ke cinye gona da shanu cikin 'yan watanni, a ƙasar da sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majiyyaci yake fitowa.

Gwamnatin Sin ba ta yi wa irin wannan kasuwa sassauci a gida. A ƙarshen 2018 aka bankaɗo kamfanin Quanjian na birnin Tianjin, wanda aka zarga da yaudarar iyayen wata yarinya mai ciwon daji har suka bar jinyar asibiti, yarinyar ta rasu. A Janairun 2020 kotu ta ɗaure mai kamfanin shekara tara saboda gudanar da kasuwancin dala. Tun 1 ga Yulin 2017 kuma ƙasar ke da cikakkiyar doka kan likitancin gargajiya, wadda ta tsara wa zai yi aiki da kuma irin jarrabawar da zai ci.

Maganin da ya ci jarrabawa

Akwai maganin Sin guda ɗaya da babu gardama yana ceton rayuka a Rano da Kibiya kowace damina, kuma mafi yawan masu shan sa ba su san asalinsa ba. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tace dubban haɗe-haɗen gargajiya, suka gwada ɗaruruwa, kusan duk suka faɗi. Wani rubutu na ƙarni na huɗu ne ya ba ta hasken cewa zafin wuta na lalata sinadarin wani ganye da Sinawa ke kira cinhawo, sai ta koma tatsarsa ba tare da tafasawa ba. A farkon shekarun 1970 aka ware sinadarin atemisinin. Shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓi irin su Coartem, waɗanda Najeriya ta koma kansu a tsakiyar shekarun 2000 bayan kulorokwin ya daina aiki. A 2015 aka ba Tu Youyou kyautar Nobel. Ga ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, babu wata kyauta daga Sin da ta kai wannan.

Ganyen da aka samo shi ɗan dangi ne ga tazargade, wanda ake sayarwa a kasuwannin Kano. Wannan dangantaka ta sa wasu ke cewa a jiƙa ganyen a sha ya wadatar. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce a'a, saboda yawan sinadarin da ke cikin jiƙo ba shi da tabbas, kuma ɗan kaɗan da bai isa kashe ƙwayar cutar ba yana koya mata jure magani. An riga an ga alamun wannan juriya a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Idan ba a manta ba, a 2020 Madagaska ta aiko wa Najeriya jiƙon da ta ce yana maganin korona, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba ta ce galibinsa wannan ganye ne, kuma ba ta ga shaidar yana warkar da cutar ba. Ganye ɗaya ne, bambancin kawai shi ne wani ya bi ta ɗakin gwaji, wani bai bi ba.

Akwai kuma ɓangaren da manomi ke biya ba tare da ya sha komai ba. Sinawa na dafa fatar jaki su fitar da wani danƙo da suke kira ejiyawo, wanda ake sha don ƙarin jini. Jakunan Sin sun ragu daga kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da miliyan biyu, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Daga kasuwanni irin ta Maigatari a Jigawa aka riƙa lodin jakuna zuwa mayankun Kudu. Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da haramta yanka jaki don fatarsa a Fabrairun 2024. Ga ƙaramin manomin da jaki ke kai masa taki gona a mangala ya kuma ɗauko masa amfani, tsadar jaki da satarsa sun fi duk wata muhawara kan hanyoyin kuzari kusa da shi.

Wa ke sa ido?

A takarda, Najeriya ba ta rasa tsare-tsare ba. Akwai manufar ƙasa kan maganin gargajiya tun 2007. Akwai sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tun 2018. Majalisar da ke yi wa likitoci rajista ita ce aka ɗora wa rajistar masu akufanca. Amma kwalejin tarayya da aka kafa don koyar da irin waɗannan fannoni an rufe ta a 2010 kan matsalar amincewa da kwasa-kwasanta, ƙudirin kafa majalisar kula da masu maganin gargajiya kuma ya shafe shekaru yana kai-komo a Majalisar Tarayya. A Kano akwai hukumar PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, wadda ta sha rufe wuraren da ke aiki ba rajista. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma wanzamin da ke bin gida-gida a Saji ko Durba ba shi da shagon da za a liƙa wa takarda.

Wanda ya san shi shi ne Sarkin Aska, da mai unguwa, da dagaci. Wanzanci sana'a ce ta gado mai shugabanci, kuma wannan shugabanci yana ƙarƙashin sarauta. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Yulin 2024 ta mayar da Rano masarauta mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomi uku kacal, wato Rano, Bunkure da Kibiya. Duk abin da mutum ke gani game da rikicin masarautun Kano, wannan ƙanƙanta tana da amfani guda: yanki ne da za a iya ƙidaye wanzamansa da masu hijamarsa cikin 'yan makonni. An kuma ga irin wannan aiki a baya. Yaƙi da shan inna bai kankama a Arewa ba sai da sarakuna suka shigo da kwamitinsu a 2009, hakimai da dagatai suka riƙa bin gidajen da suka ƙi rigakafi, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar ta daji a Agustan 2020.

Sinawa sun bi makamanciyar wannan hanya da “likitoci marasa takalmi” na shekarun 1960 da 1970, manoma da masu maganin gargajiya da aka ba horon watanni uku zuwa shida kan tsafta, rigakafi, da sanin ciwon da ya fi ƙarfinsu domin su tura asibiti. Sun haura miliyan ɗaya, kuma tsarin ya yi tasiri kan sanarwar Alma-Ata ta 1978 wadda ta haifar da manufar kula da lafiya a matakin farko, wadda cibiyoyin shan magani na mazaɓunmu suka samo asali daga gare ta.

Abin da ake buƙata a Rano bai kai wannan girma ba. Rajistar duk mai huda fata don neman kuɗi, ko da aska, ko da reza, ko da allurar Sinawa idan ta iso. Gwajin ciwon hanta da rigakafi ga wanzaman kansu, domin su ne suka fi kowa taɓa jini. Sabuwar reza da safar hannu ga kowane mutum, kofin roba kuma kada a maimaita shi. Ƙahon dabba yana da wuyar tsaftacewa yadda ya kamata, zuƙa da baki kuma haɗari ne ga wanzamin kansa. Sai kuma yarjejeniya ɗaya da za ta fi sauran tasiri: wanzamin da aka kira askin suna ya tambayi katin rigakafin jaririn, idan babu ya sanar da ma'aikacin lafiya na mazaɓa. Cire belu kuwa ba shi da wani amfani da likitoci suka sani, yana jawo zubar jini da sandarewar jarirai, kuma wannan magana ce da sai fada da malamai sun sa baki kafin ta shiga.

Idan gwamnatin Kano ta samu kaso daga ma'aikata 2,000 da Beijin ta yi alƙawari, ko ta nemi gurbin horo ga 'ya'yanta, wurin da akufanca ta dace shi ne sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na Babban Asibitin Rano, a hannun ma'aikacin da ya riga ya karanci jikin ɗan Adam, bayan likita ya tabbatar ciwon bayan ba tarin fuka na ƙashi ba ne ko ciwon ƙoda. Jami'ar Bayero na yaye masu wannan ilimi duk shekara, Asibitin Ƙashi na Dala kuma na da ƙwararrun da za su iya duba aikin. A halin yanzu manomin Fammar da ke son ganin irin wannan ma'aikaci yakan yi asarar yini guda da kuɗin mota zuwa birni, a lokacin da gonarsa ke jiran ban ruwa.